Yadda LSU ta cinye wasa 15 a kakar 2019, da abin da ya hana ta maimaitawa

"Assalamu alaikum. Ni mai kallon ƙwallon ƙafa ne tun ina yaro, amma kwanan nan na fara leƙa ƙwallon Amurka saboda wani ɗan wasa Joe Burrow. Duk inda na duba sai in ga ana cewa ƙungiyar jami'arsa ta LSU ta shekarar 2019 ba a taɓa yin irinta ba. To amma na ga a shekarar da ta biyo baya wasa biyar kacal suka ci cikin goma. Idan da gaske gwanaye ne, yaya aka yi suka rushe cikin shekara ɗaya? Ko dai sa'a ce kawai ta faɗo musu?" In ji wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Abu biyu kake son sani: me ya ɗaga LSU a 2019, kuma me ya kayar da ita a 2020. Amsar ta biyun tana cikin tsarin wasan jami'a kansa, wanda ya sha bamban da na kulob ɗin da ka saba gani a Turai. Ta farkon kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Na yi zaman karatu a Baton Rouge, garin da LSU, wato Jami'ar Jihar Luwiziyana, take, na ga wasu wasannin kakar da idona, kuma har yau ina koya wa yara nau'in wasan da ba a kayar da mutum, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugunsa. Da wannan idon zan ba ka amsa.

Kafin mu yi nisa, ga abin da za ka riƙe don lissafin ya zauna maka. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, fili kuma yadi 100 ne, yadin nan dai da ake auna atamfa da shi a kasuwa. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaban yadi goma. In sun ci, a sabunta musu wasu huɗun, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ana ciyar da ita gaba ta hanya biyu, ko a rungume ta a kutsa da gudu, ko a jefa wa wani ya cafe. Wanda ya shiga da ita gidan ƙarshe na abokan hamayya ya ci maki shida, wannan suke kira tacidawun. Mai jifan, wato kwatabak, shi ne ƙwaƙwalwar hari gaba ɗaya. A nan Burrow yake.

Inda aka fito

LSU ba ƙaramar ƙungiya ba ce da ta wayi gari ta ga kanta a sama. Ta ɗauki kofin ƙasa a 1958 da 2003 da 2007. Filinta yana cin mutum sama da 102,000. Jihar Luwiziyana kuma, duk da ba ta da yawan jama'a, tana fitar da yara masu gudu da ƙarfi fiye da yadda girmanta ya nuna, kuma mafi yawansu burinsu su saka rigar nan mai launin shunayya da ruwan zinariya. Matsalarta ba ƙarancin 'yan wasa ba ce. Shekara da shekaru ana zarginta da wasa irin na da: a tara ƙarti a tsakiya, a miƙa wa mai gudu ƙwallo, ya yi ta karo da bango. Odell Beckham Jr. da Jarvis Landry, waɗanda suka zama taurari a gasar ƙwararru ta NFL, duk sun wuce ta nan, amma kofi bai zo ba a zamaninsu.

Ƙashin da ya tsaya mata a wuya shi ne Alabama ta koci Nick Saban. A Janairun 2012, a wasan ƙarshe na kofin ƙasa a New Orleans, Alabama ta doke ta 21 da 0, kuma sau ɗaya tak LSU ta tsallaka tsakiyar fili a daren. Haɗe da wannan wasan, sai da Alabama ta ci ta sau takwas a jere. Na takwas ɗin, a Nuwamban 2018, a gidan LSU aka yi, aka tashi 29 da 0. Ka lura, Burrow ne mai jifa a wannan daren, Ed Orgeron ne koci, kuma yawancin yaran da za su girgiza ƙasar bayan shekara guda suna cikin filin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba sababbin mutane aka sayo ba. Yadda ake amfani da su ne ya canza.

Orgeron ɗan jihar ne, daga wani ƙaramin gari Larose da ke cikin fadamun kudu, mai murya kamar ana jan dutse a kan tsakuwa. Ya taɓa riƙe ƙungiyar jami'ar Ole Miss daga 2005 zuwa 2007, ya ci wasa 10 aka ci shi 25, aka sallame shi. Da LSU ta kori kocinta Les Miles a 2016 ta ba shi riƙo, daga baya ta tabbatar masa, mutane da yawa sun ɗauka ba zai kai labari ba. A wurina babban abin da ya yi shi ne ya yarda cewa fannin hari ba nasa ba ne, ya nemo wanda ya sani. A farkon 2019 ya ɗauko wani matashi Joe Brady, wanda bai cika shekara 30 ba, ƙaramin ma'aikaci ne a ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints. Ya haɗa shi da dattijo Steve Ensminger, wanda shi ne shugaban masu tsara hari. Shi ma Ensminger ya cancanci yabo, domin ba kowane babba ne zai bari yaron da ya haifa a shekaru ya zo ya sauya masa tsarin aiki ba.

Abin da aka sauya a cikin fili

A da, LSU kan ajiye mutum shida ko bakwai su tsare mai jifa, sai a bar biyu ko uku su fita neman ƙwallo. Masu tsaron baya kuwa sai su yi musu taron dangi. Brady ya juya lissafin. Aka bar ƙarti biyar kawai a gaba su yi kariya, sauran biyar ɗin duk suka bazu, daga wannan gefen fili zuwa wancan. Idan mutum biyar suka fita a lokaci ɗaya, dole wani daga cikinsu ya samu kansa da mai tsaro ɗaya tak, ko kuma da wani ƙato mai nauyin jiki da ba zai iya bin sa ba. Aikin mai jifa shi ne ya gano wannan mutumin cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, kafin a murƙushe shi.

Tsarin yana da haɗari. In mai jifanka mai jinkirin tunani ne, za a yi ta kwantar da shi har ya bar fili a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ina ganin wannan a wurin yaran da nake koyarwa. Yaro mai ƙarfin hannu yakan tsaya sai ya ga abokinsa ya kuɓuce sarai kafin ya saki ƙwallo, kuma kafin ta isa an rufe wurin. Nakan tsayar da wasa, in kama kafaɗarsa, in nuna masa wani fili da babu kowa, in ce can za ka jefa, kafin ya juyo. Sai ya dube ni ya ce, Malam, ai ba kowa a wurin. Sai mun yi wata da watanni kafin zuciyarsa ta yarda ya jefa wa wurin da mutum zai iso. Wannan yardar tsakanin mai jifa da mai cafewa ba ta samuwa sai da maimaici, shi ya sa a hutun bazarar 2019 aka ɗora wa masu cafewar LSU kowanne ya cafe ƙwallo 10,000 kafin a fara kaka.

Shi Burrow ɗan garin Athens ne a jihar Ohayo, kuma ɗan koci ne. Ya yi shekara uku a Ohio State yana zaman benci, ya karye a hannu a 2017, daga baya aka fifita Dwayne Haskins a kansa. Da yake ya riga ya kammala digirinsa, doka ta ba shi damar komawa wata jami'a ya fara wasa nan take, ya iso LSU a tsakiyar 2018 bai ma gama sanin sunayen abokan wasansa ba. A wannan shekarar jifansa 16 ne suka kai ga tacidawun, kuma kusan 58 cikin ɗari na jifansa ne aka cafe. Matsakaicin ɗan wasa ke nan. A 2019 ya jefa 60, aka cafe sama da 76 cikin ɗari, ya tara yadi 5,671, sau shida kacal abokan hamayya suka tare masa ƙwallo. Hannun nan dai shi ne na bara. Shekara guda ya samu ta sabawa, sannan aka ba shi tsarin da ya dace da saurin idonsa.

Ga kuma waɗanda yake jefa wa. Ja'Marr Chase ya ci yadi 1,780 da tacidawun 20. Justin Jefferson, wanda manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba lokacin da ya gama sakandare, ya cafe ƙwallo 111, ya shiga gida sau 18. Terrace Marshall ya shiga sau 13. Ga Clyde Edwards-Helaire, gajere dunƙulalle ɗan Baton Rouge, wanda ya yi gudun yadi sama da 1,400 kuma yana cafewa kamar sauran. Dukansu huɗu 'yan Luwiziyana ne.

Wasannin da suka nuna gaskiyar lamarin

Ranar 7 ga Satumba suka je gidan Texas. Saura minti biyu da rabi a tashi, LSU na gaba da 37 da 31, tana dama ta uku kuma tana bin bashin yadi 17. Duk wanda ya san LSU ta da ya san abin da za ta yi: ta miƙa wa mai gudu ƙwallo don cin lokaci, ta buga ta nesa, ta dogara da masu tsaron bayanta. Sai ga Burrow ya ja baya zai yi jifa. Texas ta turo masa mutane ta ko'ina, ya matsa gaba ta tsakaninsu, ƙafarsa ba ta gama dafa ƙasa ba ya saki ƙwallo, Jefferson ya cafe ya zura yadi 61 har gida. Aka tashi 45 da 38. A daren nan mutanen garin suka gane cewa an yi sabon yayi.

Wasan Florida na 12 ga Oktoba ina cikin filin. Tun da hantsi harabar jami'a ta cika da rumfuna, ana dafa shinkafarsu ta jambalaya a manyan tukwanen ƙarfe irin na gidan biki, ana juya ta da muciya mai tsawon mutum. Wani dattijo da ban sani ba ya miƙo mini faranti, na ce masa ba na cin alade, ya kama hannuna ya kai ni rumfar maƙwabcinsa inda ake soya kifi. Da dare ya yi aka fara wasa, Florida ta wuce gaba 28 da 21 bayan hutun rabin lokaci, fili ya yi tsit na ɗan lokaci. Daga nan Florida ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. Wani yaro ɗan shekarar farko, Derek Stingley Jr., ya tare musu ƙwallo a cikin gida, Chase ya kwasa da gudu ya rufe wasan, 42 da 28. Ihu ya kai inda nake jin simintin da ke ƙarƙashin ƙafata yana rawa. Jifa 24 Burrow ya yi a daren, uku ne kawai suka faɗi ƙasa.

Auburn ce ta fi ba su wuya. Ta bar ƙarti uku a gaba, ta cika baya da masu tsaro har bakwai, ta toshe hanyoyin jifa. LSU ta koma gudu da Edwards-Helaire, ta sha da ƙyar 23 da 20. Ina ba wannan wasan muhimmanci fiye da waɗanda aka ci da tazarar maki 40, domin ya nuna suna da hanya ta biyu in an rufe ta farko.

Sai 9 ga Nuwamba a Tuscaloosa, gidan Alabama, inda aka yi wasa 31 a jere ba a ci masu gida ba. Kafin hutun rabin lokaci LSU na da 33, Alabama na da 13. Alabama ta farfaɗo, Tua Tagovailoa ya yi ta ruwan jifa duk da bai daɗe da tashi daga aikin idon sawu ba, amma duk lokacin da suka matso sai LSU ta ƙara. Edwards-Helaire ya shiga gida sau huɗu. Aka tashi 46 da 41, abokan wasan Burrow suka ɗauke shi a kafaɗa.

Abin da ya biyo baya lallasa ce. Texas A&M, wadda ta ci su 74 da 72 a shekarar da ta gabata bayan ƙarin lokaci har bakwai, ta sha 50 da 7. Georgia ta sha 37 da 10 a wasan kofin yankinsu na SEC. A wasan kusa da na ƙarshe Oklahoma ta sha 63 da 28, inda Burrow ya jefa tacidawun bakwai kafin hutun rabin lokaci, huɗu a hannun Jefferson. A safiyar wannan rana ce matar ɗan Ensminger ta rasu a haɗarin jirgin sama tana hanyar zuwa kallon wasan, dattijon ya share hawaye ya hau ɗakin masu koyarwa da ke saman filin ya ja ragamar harin. Ranar 13 ga Janairun 2020, a filin nan na New Orleans da aka kunyata su shekara takwas baya, suka haɗu da Clemson mai riƙe da kofi, wadda ta yi wasa 29 ba a ci ta ba. Clemson ta fara wucewa 17 da 7, LSU ta juya wasan ta ci 42 da 25.

Jimilla maki 726 a wasa 15, kuma bakwai daga cikin waɗanda suka doke suna cikin goma na sama a ƙasar a lokacin da aka haɗu. Sa'a takan ba ka wasa ɗaya, wataƙila biyu. Ba ta kai mutum gidan Texas da gidan Alabama ta dawo da shi da nasara, sannan ta ba shi Georgia da Oklahoma da Clemson a jere, kowacce da tazarar maki 17 ko fiye.

To me ya rushe su?

A nan ne sabonka da ƙwallon Turai zai iya ruɗa ka. Kulob ɗin da ya ɗauki kofi yakan ƙara wa taurarinsa albashi ya riƙe su shekara biyar. Jami'a ba ta da wannan damar a wancan lokacin. Ɗan wasa ɗalibi ne, kaka huɗu doka ta ba shi, kuma da zarar ya cika shekara uku da gama sakandare yana iya tafiya NFL. A 2019 ma ko sisi ba a yarda ya karɓa da sunansa ba, sai a Yulin 2021 aka buɗe wannan ƙofar. Saboda haka a lokacin duk wanda ya haskaka, hankali da lissafi sun ce ya tafi inda za a biya shi kafin rauni ya same shi. Nasarar da kanta ce take kwashe maka mutane.

A zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL na Afrilun 2020 an ɗauki mutum 14 daga LSU, biyar a zagayen farko: Burrow na ɗaya a duk ƙasar, sai K'Lavon Chaisson, Jefferson, Patrick Queen da Edwards-Helaire. Brady ya koma Carolina Panthers. Dave Aranda, mai tsara tsaron baya, ya zama babban koci a Baylor. Sai annobar korona ta zo ta hana atisayen bazara, lokacin da ya kamata sababbi su koyi aiki, Chase kuma ya zaɓi ya zauna a gida ya jira NFL. Wasan farko na 2020 Mississippi State ta zo har gida ta ci su 44 da 34, mai jifanta ya tara yadi 623. Rigar ce iri ɗaya, amma mutanen da ke cikinta wasu ne.

Sai dai ba zan ɗora wa tsari laifin duka ba. Alabama ma tana asarar taurari duk shekara, amma a 2020 ɗin nan ta ci wasanninta 13 duka ta ɗauki kofi. Saban ya gina gidan da ko wa ya tafi akwai na bayansa a shirye. Orgeron bai gina irin wannan ba. Wanda ya ɗauko ya maye gurbin Aranda, Bo Pelini, kaka ɗaya ya yi aka rabu. A Oktoban 2021, ƙasa da shekara biyu da ɗaga kofi, jami'a ta sanar cewa Orgeron zai tafi a ƙarshen kaka. Ni daga kujerar 'yan kallo da faifan wasa nake hukunci, kuma abin da faifai ke nunawa shi ne masu tsaron baya da ba su san wanda kowa zai bi ba. Wannan alhakin masu koyarwa ne.

Batun ko ita ce ƙungiyar da ba a taɓa yin irinta ba, a nan ina taka-tsantsan. A fannin hari ban ga kamarta ba, kuma zan faɗi haka a gaban kowa. Amma tsaron bayanta ya yi ta yoyo kafin ƙarshen kaka: Vanderbilt ta zura mata 38, Ole Miss ta zura 37 tare da gudun yadi sama da 400. Sai a wasannin ƙarshe tsaron ya ɗinke. Masu kawo Nebraska ta 1995 ko Miami ta 2001 suna da hujjarsu, kuma dokokin yanzu sun fi sauƙaƙa wa mai jifa fiye da na wancan zamani, don haka lambobi kaɗai ba za su raba gardamar ba. Ko tacidawun 60 na Burrow, wanda ya karya tarihin 58 na Colt Brennan, Bailey Zappe na Western Kentucky ya wuce shi da 62 a 2021, kuma ba wanda zai ce Zappe ya fi shi. Abin da nake tsayawa a kai shi ne nauyin waɗanda suka doke, da abin da yaran suka zama daga baya. Jefferson ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu cafewa a NFL tun shekararsa ta farko a Minnesota, Burrow da Chase kuma suka sake haɗuwa a Cincinnati suka kai ta wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2022.

Akwai wani abu game da Burrow da nake so ka sani tunda shi ya jawo ka. Daren da aka ba shi kyautar Heisman ta gwarzon shekara a New York, a Disamban 2019, ya tsaya yana kuka ya yi maganar yaran yankinsu na kudu maso gabashin Ohayo da ke komawa gida daga makaranta ba abinci a tukunya. Cikin 'yan kwanaki jama'a suka tara ɗaruruwan dubban daloli ga rumbun ciyar da mabukata na garinsu.

In za ka nemi wasa ɗaya ka kalla daga farko har ƙarshe, nemi na Alabama. Kada idonka ya bi ƙwallo. Kafin a fara kowane hari, dubi yadda Burrow ke ƙirga masu tsaron da ke can baya, da yadda yake nuna wa ƙartinsa wanda za su tare. Sannan ka jira mintin ƙarshe, bayan DeVonta Smith ya ci wa Alabama tacidawun na yadi 85 tazara ta koma maki biyar. LSU na bukatar yadi goma ta kashe wasan, kowa a filin ya san gajeren nan Edwards-Helaire za a ba, aka kuma ba shi. Ka ƙirga mutum nawa ne ke rataye a jikinsa lokacin da ya tsallaka layin.